Matata ta ce motata ta zama gunkina

Wasiƙar wannan mako daga Jos ta fito. Mai ita ya roƙa a sakaya sunansa da unguwarsa, ni kuma na taƙaita ta.

"Ni ɗan kasuwa ne, na haura shekara 50, dattijo ne kuma a ikkilisiyarmu. Ina cikin waɗanda shagonsu ya ƙone ƙurmus a gobarar kasuwar Terminus. Da tallan atamfa a bakin titi na sake farfaɗowa. Yau Allah ya rufa asiri, na gina gida, na haƙa burtsatse, bara kuma na sayi mota, fasto ya zo har gida ya yi addu'a ya keɓe ta. Kwanakin baya da tsakar dare maƙwabcina ya buga mini ƙofa, ya ce matarsa na naƙuda, jini kuma ya ɓalle mata, in taimaka in kai su asibiti. Na ce masa babu mai a motar. Gaskiyar magana akwai mai. Tsoron dare ne ya kama ni, sannan na tuna kujerun motar, ko ledarsu ban cire ba. Da ƙyar suka sami wani mai a-kori-kura a ƙasan layi. Ta haihu, ita da jaririn suna nan da rai, amma sai da aka ƙara mata jini. Tun daga ranar maƙwabcin nan sama-sama yake amsa gaisuwata, ranar suna ma bai aiko mini ba. Matata ta ce motar nan da famfon da na sa wa kwaɗo sun zama gumakana. Maganar ta yi mini zafi ƙwarai. Ban taɓa fashin fitar da ushiri ba, ni ne ma na sayi kwanon da aka rufa gidan fasto. Kula da abin da na sha wuya kafin in samu zunubi ne? Ko so ake in sayar da kome in rabar?"

Ɗan'uwana cikin Almasihu, alheri da salama su tabbata gare ka. Sannu da ƙoƙari, domin ba kowane dattijo ba ne zai ɗauki alƙalami ya rubuta da hannunsa cewa akwai mai a motar. Babu wanda ya leƙa tankin. Da ka so, da ka bar wannan magana a cikinka har abada. Tunda ka fito da ita fili, ni ma ba zan yi maka kwana-kwana ba: uwargida ta faɗi gaskiya.

Bari in fara da tambayoyinka biyu, don su ne masu sauƙi. Kula da kaya ba zunubi ba ne. Karin Magana 27:23 ta ce mutum ya san halin da garkensa ke ciki, ya lura da dabbobinsa da kyau, Bulus kuma ya gaya wa Timoti cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bangaskiya muni. Sayar da kome ma ba doka ba ce a kan kowane mai bi. Mai dukiyar nan na Markus 10, Yesu ya ce masa ya sayar da duka saboda ya ga inda zuciyarsa ta maƙale. Zakka kuwa rabin dukiyarsa ya ba matalauta, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta, Yesu ya ce ceto ya shigo gidan a ranar. Ko Hananiya ma, wanda ya sayar da gona ya ɓoye wani kaso na kuɗin ya kawo saura kamar shi ke nan duka, cewa Bitrus ya yi masa, gonar nan ai taka ce kafin ka sayar, kuɗin kuma suna hannunka bayan ka sayar. Ƙarya ce ta kashe shi. Saboda haka gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sai dai ina ganin ka kawo zancen sayar da kome ne don kayan su yi nauyin da ba mai iya ɗauka, sai a ce to a bar maganar. Maƙwabcinka bai nemi ka sayar da mota ba. Tafiyar da ba ta kai awa guda ba ya roƙa.

Mu Kiristocin arewa, in aka ce gunki, hankalinmu kan tafi kan tsafin da kakanninmu suka bari lokacin da bishara ta iso: dutse, kurmi, tukunyar da ake zuba wa giya da jinin kaza. Gani muke yi mun rabu da wannan tuntuni. Amma ka tuna da me ake gane wurin tsafi. Da abin da ake yanka masa ake gane shi. Duk abin da mutum ke yi wa yanka, shi yake bauta wa, ko da bai taɓa durƙusa masa ba. To ka zauna ka lissafa abin da ka miƙa wa motar nan a daren. Ka miƙa gaskiyarka, ka yi ƙarya da bakin da kake jagorar addu'a da shi ran Lahadi. Ka miƙa maƙwabtakar shekara da shekaru. Saura ƙiris ka miƙa rayuka biyu. Abin da ka karɓa a madadi kuwa kujeru ne masu tsabta.

Shi ya sa Bulus bai sassauta ba a Kolosiyawa 3:5, inda ya ce kwaɗayi bautar gumaka ne, ya kuma maimaita a Afisawa 5:5. Martin Luther, malamin addinin Kirista na ƙasar Jamus, a babban littafinsa na koyar da bangaskiya na 1529, da yake bayyana doka ta fari cikin Dokoki Goma, ya ce duk abin da zuciyarka ta rataya a kai, ta kuma dogara gare shi, shi ne allahnka, ya ƙara da cewa dukiya ce gunkin da ya fi yawa a duniya. Shi ma daga bakin Yesu ya ɗauko, a Matiyu 6:24, cewa ba dama a bauta wa Allah da dukiya gaba ɗaya. Yawancin kwanaki iyayengijin nan biyu ba sa ba da umarni mai karo da juna, shi ya sa mutum kan shekara yana zaton yana iya haɗa su. Sai ranar da ɗaya ya ce tashi ka buɗe ƙofa, ɗayan ya ce koma ka kwanta, a san wanda ake yi wa biyayya.

Motar kanta ba ta da laifi, kada ka tsane ta. Ka duba zinariyar da Isra'ilawa suka fito da ita daga Masar. Allah ne ya sa Masarawa suka ba su, kyautarsa ce. A Fitowa 32 suka cire 'yan kunnensu suka ba Haruna ya ƙera ɗan maraƙi. A Fitowa 35 da 36 kuma mutanen nan dai suka kawo 'yan kunne da zobba da sauran kayan ado aka yi alfarwa ta sujada, har sai da Musa ya sa aka yi shela a daina kawowa don kaya sun yi yawa. Zinariyar iri ɗaya ce, inda aka kai ta ne ya bambanta. Kai kuma da bakinka ka ce fasto ya keɓe motar. Na san yadda ake yi: a buɗe ƙofofi huɗu, a ɗora hannu a kan sitiyari, a ce Ubangiji, taka ce, ka yi amfani da ita domin ɗaukakarka, kowa ya ce amin, a sha lemo. Da yawanmu abin da muke nufi a zuci shi ne Ubangiji ka tsare mini ita daga haɗari da ɓarayi. Amma kalmomin da aka furta sun fi haka nauyi. Lokacin da Yesu zai shiga Urushalima, ya aiki almajirai biyu su kwance ɗan jaki, in an tambaye su su ce Ubangiji ne yake bukatarsa, masu shi kuwa suka bari aka tafi da shi. A daren nan Ubangiji, Mai motar na ainihi, shi ne ya aiko a ɗauko masa abinsa.

Yanzu bari in zo kan abin da nake gani shi ne tushen matsalar, kuma a nan tausayinka nake ji ƙwarai. Kai ba marowaci ba ne a haihuwa. Mutumin da ya saya wa gidan fasto kwano ya san yadda ake buɗe hannu. Abin da ke damunka tsoro ne. Wanda ya tsaya a Terminus a Fabrairun 2002 yana kallon hayaƙi na tashi daga inda jarinsa yake, watanni kaɗan bayan rikicin Satumban 2001, wani abu ya karye a cikinsa wanda ribar shekara ashirin ba ta ɗora ba. Dubban 'yan kasuwa ne suka wayi gari ba ko sisi, wasu har suka koma ga Allah ba su sake miƙewa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na tabbata ka yi wa kanka rantsuwa a zuci cewa ba za ka ƙara komawa bakin titi ba, kuma tun daga ranar kowane abu da ka mallaka ya zama katanga tsakaninka da waccan safiya. Ledar kujera da kwaɗon famfo duk daga rantsuwar nan suka fito. Wanda ya taɓa motar, a wurinka kamar ya taɓa katangar ne.

Matsalar ita ce, aikin da ka ɗora wa kayan nan aikin Allah ne, su kuwa ba za su iya ba. Kai ka fi kowa sani. Shagonka na da ƙofar ƙarfe da kwaɗo, kasuwar kuma ginin kankare ce da ake alfahari da ita a duk Afirka ta Yamma, amma dare ɗaya ya isa. Abin da Yesu ya faɗa ke nan a Matiyu 6:19 game da asu da tsatsa da ɓarayi. Sannan ka tambayi kanka, da ka tashi daga toka, me ya ɗaga ka? Wa ya ba ka turmin atamfa na farko bashi ba tare da jingina ba? Wa ya bar ka ka shimfiɗa kaya a gaban shagonsa? Gidan wa yaranka suka ci tuwo a makonnin farko? Da waɗannan mutane sun sa wa nasu kwaɗo, da yau ba ka da motar da za ka hana.

Ka sake karanta Luka 12:16-21 a natse. Manomin nan da ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya, Allah ya kira shi wawa, bai yi sata ba, bai ci gonar marayu ba, ƙasa ce ta ba da amfani. Laifinsa ya fito ne a zancen da ya yi da kansa: amfanina, rumbunana, hatsina, kayana, raina. Babu maƙwabci a cikin lissafin, babu ma'aikatan da suka yi girbin, babu Allah. Wajen shekara ta 369, lokacin wata yunwa mai tsanani a Kaisariya ta Kafadokiya, cikin Turkiyya ta yau, Basil, wanda ya zama bishop na birnin a 370, ya yi wa masu hali wa'azi a kan wannan nassi. Ya ce musu gurasar da ka ɓoye ta mai jin yunwa ce, rigar da ke ajiye cikin akwatinka ta mai tsiraici ce, takalmin da ke ruɓewa a ɗakinka na marar takalmi ne. Bai tsaya a wa'azi ba, ya sa aka buɗe rumbuna, shi da kansa ya ɗaura ɗamara yana raba wa mayunwata abinci. Yusufu ma ya tara hatsi a Masar shekara bakwai, ba wanda ya kira shi wawa, domin da yunwa ta zo ya buɗe rumbunan. Tari iri ɗaya ne da na manomin Luka, amma shi don ranar buɗewa ya tara.

Ga maganar ushiri. Ka ci gaba da fitarwa, Allah ya ƙara buɗi. Amma ka lura da yadda ka kawo ta cikin wasiƙarka, kamar rasit ɗin da ke nuna ka gama biya. Wannan tarko ne da ya kama masu ibada da yawa: a ba Allah kashi ɗaya don ya kau da ido daga sauran tara. Farisiyawa har ganyayen ƙamshi na lambu suke fitar wa ushiri, amma a Matiyu 23:23 Yesu ya ce sun bar abubuwa mafi nauyi na Shari'a, wato adalci da jinƙai da aminci, ya ce ya kamata su yi waɗannan ba tare da barin wancan ba. Ko a Tsohon Alkawari ushiri daban yake, haƙƙin maƙwabci daban. Littafin Firistoci 19:9-10 ya hana manomi girbe gonarsa har gefe, ya hana shi komawa yin kala, ya ce a bar wa matalauci da baƙo. Manomin da ya kai ushirinsa cif amma ya share gonarsa tas, ya karya doka. Da wannan kala Rut ta ciyar da surukarta a gonar Bo'aza.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata ka kalla ido da ido. Kwanon gidan fasto an sanar da shi a majami'a, an tafa, kai ka zaɓi lokacin, kai ka zaɓi adadin. Bugun ƙofar tsakar dare kuwa babu mai tafi, ba kai ka zaɓi lokacin ba, kuma abin da aka nema shi ne ainihin wanda ba ka son a taɓa. A nan ba kai kaɗai nake ɗora wa laifi ba. Majami'unmu sun cika da shaidar samu: na sami mota, na tare a sabon gida, yaro ya sami biza. Samu abin godiya ne, amma da wuya ka ji wani ya tashi ya ce ina gode wa Allah, motar da ya ba ni ta kai mata kaza asibiti a bana. Abin da muke tafa wa, shi 'ya'yanmu za su tashi suna nema.

Mu koma daren. Ina so ka san girman abin da Allah ya tsallakar da kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 82,000 ne suka mutu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Zubar jini na kan gaba cikin dalilan, kuma jinkirin isa asibiti na cikin abubuwan da ma'aikatan lafiya suka daɗe suna kuka da su. Jini in ya ɓalle ba ya jiran gari ya waye. A garin da aka daɗe da hana acaba, masu keke kuma sun tashi tun da wuri, motar da ke cikin layi ita ce motar asibitin layin, ko mai ita ya yarda ko bai yarda ba. Basamariyen nan na Luka 10 ma abin hawa gare shi. Mutumin da ya tsinta a hanyar Yariko jina-jina yake, amma ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya zuba masa mansa da ruwan inabinsa, ya biya dinari biyu a masauki, ya ce in an kashe fiye da haka zai biya in ya dawo. Firist da Balawe da suka ratse, su ma ba za su rasa dalili ba, hanyar ta 'yan fashi ce, tufafinsu kuma na hidima ne.

Tsoron dare a Jos ba abin rainawa ba ne, wanda ya zauna a garin ya sani. Da tsoro kaɗai ne, da sai in ce kana da hanyoyi: ka miƙa makulli ga wanda ya iya tuƙi, ko ka tashi wani maƙwabci ku tafi tare, ko ka kira 'yan sintirin unguwa su raka ku. Ba ka nemi ko ɗaya ba, saboda kujerun sun riga sun yanke hukunci. Kuma a jiharka ɗin nan aka ga abin da mutum zai iya yi da abin da ya mallaka cikin tsoron da ya fi naka. A Yunin 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa, dattijon da ya haura shekara 80, ya ɓoye mutum 262 da suka gudo, mata a gidansa, maza a masallaci. Ya fito ya tsaya gaban maharan yana roƙonsu, ya ƙi buɗe musu ƙofa. Kiristoci ya ɓoye, 'yan'uwanka. Gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019, amma a ranar da ya yi abin babu wanda ya yi masa alkawarin zai kwana da rai. Duk lokacin da na tuna shi sai in ji kunya ta kama ni a madadinmu, mu da muke karanta labarin Basamariye tun muna makarantar Lahadi.

To me za ka yi? Gunkin irin wannan ba a rushe shi da jin zafin zuciya kawai, sai an sa abin aiki. Ka cire ledar kujerun da hannunka. Ka sayi ledar shimfiɗa irin ta asibiti, ka haɗa da tsofaffin zannuwa biyu da tocila ka ajiye a but, don ranar da aka sake bugun ƙofa kada tunanin kujera ya sami wurin shiga. Ka sa wa kanka doka cewa mai ba zai sauka ƙasa da kwatan tanki ba, wannan kwata kuma na gaggawa ne. Na san mai ya yi tsada, tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Ka lissafa shi cikin baikonka. Sannan kada ka ɗauki nauyin kai kaɗai. Ka tara masu motoci na layinku, Kirista da Musulmi, ku raba makonni, ku ba da lambobin wayarku. Matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikkilisiya, sun san kowace mace da cikinta ya tsufa a unguwa, su za su gaya muku gidan da za a sa wa ido.

Wannan bai mayar da kai direban kowa ba. Mai son a kai shi biki ko kasuwa, kana da ikon ce masa a'a, kuma ba ka yi zunubi ba. Sharaɗin kawai shi ne a'arka ta zama ta gaskiya. Ka ce ba zan iya ba yau, kada ka ce babu mai.

Famfo ya fi sauƙi. Haƙa burtsatse a kan dutsen Jos kuɗi ne masu yawa, tura ruwa sama kuma yana cin wuta ko man janareta, ban musa ba. Amma ka fita da asuba a watan Maris ka ga yara da jarkoki masu ruwan ɗorawa suna wuce ƙofarka, suna jin ƙarar tankinka na ambaliya. Ka jawo bututu ɗaya ka fito da kan famfo bayan katanga, ka sa lokaci, awa ɗaya da safe, awa ɗaya da yamma. In kuɗin wuta ya yi maka yawa, ka gaya wa maƙwabta gaskiya a riƙa haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa, amma gwauraye da tsofaffi su ɗiba kyauta. Za a yi maka ɓarna wani lokaci, yara za su karya kan famfo, za a bar maka caɓi a ƙofar gida, wani ma ko godiya ba zai yi ba. Ka sa wannan cikin lissafi tun yanzu don kada ya zama dalilin mayar da kwaɗo. Kuma kada a tambayi mai jarka inda yake sujada.

Uwargida kuwa, ka gode mata. A 1 Sama'ila 25, da Dawuda ya aika neman abinci wurin Nabal, amsar da ya bayar ita ce, in ɗauki gurasata da ruwana da namana in ba mutanen da ban san daga inda suka fito ba? Matarsa Abigiyel ce ta ga masifar da ke tafe, ta tare ta. Macen da za ta kalli mijinta, dattijon ikkilisiya, ta gaya masa irin maganar da taka ta gaya maka, ta san za ta iya jawo wa kanta fushi, ƙauna ce ta sa ta faɗa. Ka tuna kuma ita ce ke haɗuwa da matar maƙwabcin nan kullum a bakin ƙofa da hanyar kasuwa, ita ke ɗauke da kunyar. Ka ba ta makullin famfon, ka kuma ba ta izinin tashe ka in ta ga hannunka ya fara komawa. Fastonka ma ya kamata ya ji labarin daga bakinka, domin 1 Timoti 3 da Titus 1 sun sa karɓar baƙi da rashin son kuɗi cikin sharuɗɗan shugaban ikkilisiya, kai kuma kana kan wannan kujera.

Na bar mafi wuya a ƙarshe, amma shi za ka fara yi, cikin makon nan, kafin ka ƙara miƙa hannu ga Jibin Ubangiji. Matiyu 5:23-24 ta ce in kana miƙa baikonka ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana game da kai, ka bar baikon a gaban bagade, ka je ku shirya tukuna. Ka taka da ƙafa zuwa gidan maƙwabcinka bayan ya dawo daga aiki, ka nemi ganinsa shi kaɗai. Ka gaya masa akwai mai a motar a daren, ƙarya ka yi masa, ka roƙi gafararsa. Wataƙila ya riga ya sani, domin ya ga ka fita da ita washegari. Kada ka kawo zancen Terminus, kada ka kawo zancen tsaro, duk bayanin da ka ƙara zai rage nauyin roƙon. Kada kuma ka riƙe buhun shinkafa ko ambulan a wannan zuwa na farko, zai zama kamar ka zo sayen bakinsa. Kayan barka na jariri uwargida ta kai wa mai jego daga baya, in kuma akwai sauran bashin asibiti, ka nemi hanyar biya ba tare da unguwa ta ji ba.

Yana iya yafe maka nan take, yana iya yin shiru, yana kuma iya gaya maka magana mai ɗaci. Mutumin da ya tsaya a ƙofarka matarsa na zubar da jini yana da haƙƙin a saurare shi har ya gama, kada ka katse shi. In ya ƙi karɓa, ka yi masa sallama cikin ladabi ka koma gida, bayan mako biyu ka sake komawa. Kada ka tura fasto ko dattawa su roƙa maka, sai in shi da kansa ya nemi a sa wani a tsakani.